Bangon Gabas Ya Kumbura, Inna

Zuwa ga mahaifiyata Inna, bayan sallama da gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa. Ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

A kan Ɗakin Sana'a na rubuto. Bangonsa na gabas ya kumbura, kuma ni ce sanadi.

Kin fi ni sanin tarihin ɗakin, amma zan maimaita, don 'yan yanzu sun ɗauka haka aka same shi. Ƙaramin coci ne na ƙasa, wanda leburorin hanya Kirista suka gina a bakin garin nan namu na ƙasar Gummi. Da aiki ya ƙare suka watse, awaki suka gaje shi. Baba Yohana makanike, wanda ya rage cikinsu, shi ya miƙa wa mai unguwa makulli. Abu ɗaya ya roƙa, kada a rushe.

An yi ta gardama kafin malamai su ce babu laifi a mai da shi wurin sana'a, tunda an daina ibada a ciki. Maza suka gyara rufi. Ke kika tara mata kuka yi daɓe, kuka shafe bango da makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan mai hana ruwan sama cin ƙasa. Ina tuna hannunki, ya yi mako yana baƙi.

Daga nan masu sassaƙar ƙwarya suka shigo, sai masaƙa, sai 'yan wasan kwaikwayo ranar Asabar. Yanzu har matan da suka gudo daga wajen Zugu a nan suke saƙa tabarma, su sami na cefane.

Kowace shekara kafin damina kina sake shafen. Da kika rasu muka yi sau biyu, muka gaji. Matan sun tsufa, zuwa daji neman ɗorawa kuma ya zama kasada. Ni ce sakatariyar kwamitin ɗakin, ni na kawo shawarar a lulluɓe bangon da siminti a huta. Har tafi aka yi mini.

Alhali na sha ji daga bakinki: "Bangon ƙasa numfashi shi kai, in kun toshe mai hanci ruɓewa za shi yi." Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

Damina uku ke nan. Makon jiya na ƙwanƙwasa simintin, ya amsa kamar ganga. Na kira magini ya ɓamɓare wuri kamar faɗin tafin hannu, sai ga ƙasar ciki jiƙe, tana zuba kamar tsaki. Ya ce hanya biyu ce: ko a ture bangon a sa bulo, ko a cire simintin duka a koma makuba kafin ruwan fari. In an yi jinkiri, da kansa zai faɗo, wataƙila a kan masu tabarma.

Na dawo gida na zazzage littattafaina. Kin san halina, komai sai na rubuta. Na sami sunayen matan da suka zo daɓen farko, da abin da aka dafa musu, da wadda ta yi fushi ta tafi. Amma yadda kike haɗa makubar, kwana nawa take jiƙa, yaya kaurinta, ko layi ɗaya babu. Ina zaune kusa da ke da biro, Inna, ban taɓa sa hannu a cikin tukunyar ba.

Na je wurin ƙawarki Gwaggo Asabe. Idonta ya tafi. Ta ce, "Ke ɗiyag ga, wa ka aunawa? Hannu ka sani." Ta ce in jiƙa in kawo ta taɓa. Sau biyu na kai, sau biyu ta murza da yatsa ta girgiza kai.

Na gaji, Inna. Ban sani ba ko taurin kai nake yi, ko bulon ne daidai. Kwamiti ya ba ni wa'adi zuwa Juma'a, in makuba ba ta samu ba a sa bulo. Na hana kowa zama a gefen gabas, na jiƙa makuba karo na uku, ga hadari ya fara leƙowa da la'asar.

Gobe zan kai wa Gwaggo. Wannan karon ba zan tafi da littafi ba, zan sa hannuna tare da nata.

Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya riƙe mana bangon nan har Juma'a. Ki yafe mini.

Ɗiyarki mai baƙin hannu yau,
Hauwa'u