Tantabaruna da Na'urar Likita

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta ja ni asibiti saboda tarin nan. Na ce mura ce, ta ce wace irin mura ce ke hana mutum hawa bene. Bakin uwarta ta ɗauko.

Ba abin sauraren ƙirji likitan ya ɗauko ba. Cewa ya yi in cire riga, nas ta manna min wasu abubuwa kamar murfin kwalba, jere-jere a gadon bayana, kowanne da wayarsa. Wai kunnuwa ne, suna sauraren numfashi, na'urar ta mayar da ƙarar hoto. Na ja iska na saki. A allon na ga abu kamar hayaƙi gida biyu, yana haske yana dushewa. Sama fes, ƙasa dishi-dishi.

Sai kawai ya ce, "Baba, kana kiwon tsuntsaye?"

To wa ya gaya masa? Ni dai ban buɗe baki ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na kwana da tambayar nan. Tun ina tuƙin bas nake kiwon tantabaru a saman benen nan, kuma tun ranar da na kawo biyun farko Maman yara take mita: sun ɓata shanya, sun cika gida da gashi. Yanzu ga likita da bai taɓa ganina ba, daga kallon hayaƙi a allo ya doshi tsuntsayena kai tsaye. Wai ƙurar gashinsu da busasshen kashinsu na iya kumbura huhu. Wai na'urar ba ta yanke hukunci ita kaɗai, sai an ɗebi jini an ɗauki hoton ƙirji.

An haɗa baki ne. Ni za a raina wa hankali?

Alhamis, 6 ga Maris

Na tsare Auta. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, gashin tsuntsu ne fa maƙale a hularka, tun daga gida nake ganinsa." Amsa a shirye. Da wuri amsar ta zo, shi ya sa ban yarda ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Mai walda na ƙarshen layi ya zo dubiya. Shi da rabonsa da gidan nan tun bara! Gaisuwa yake, idonsa na sama. Ya daɗe yana kwaɗayin Ɗan Toka, namijin nan nawa da ko daga ina aka sake shi sai ya riga ka isowa gida. Har da cewa, "In sun yi maka nauyi, akwai wuri a wajena." Sun yi min nauyi! A kai na ɗauke su?

Su uku ke nan: shi da Auta da Maman yara. Da likita huɗu.

Maman yara ta kawo mana shayi, ta koma ciki tana tarinta na ƙasa-ƙasa. Ita ma ta koyi tarin ne don ta tuna min nawa, na lura.

Talata, 11 ga Maris

Na samo dabara. Ina da tabbacin hoto ɗaya ne a cikin na'urar, shi suke nuna wa duk wanda suke so su tsorata. Gobe in mun je karɓar sakamako zan ce a manna wa Maman yara. Ita ba ta ƙaunar tsuntsu, ba ta wasa da su. In nata ya fito irin nawa, na kama su. In kuma ya fito fes, sai in ce a sake nawa a gabana, ina kallon hannun nas.

Na gaya mata, ta ce, "Malam, ni lafiyata ƙalau, ka bar ni." Har ta canza fuska. Ga alama ta san asiri zai tonu.

Laraba, 12 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Likita bai yi musu ba. Ya dube ta, ya ce, "Mama, dama tun da kika shigo nake jin hakinki." Aka ja labule, aka manna mata. Ina zaune ina jiran in yi dariya.

Nata ba irin nawa ba ne. Hasken bai kai ko rabi ba, ɓangaren dama kuwa kamar an hura fitila ta ƙi kamawa. Ya ba ni abin kunne na saurara: ƙaf-ƙaf-ƙaf, kamar ana murza leda. Na ce na'urar ce ta lalace. Ya sake, haka ya fito.

Ya tambaye ta wa ke share ɗakin tantabarun. Ta kau da kai. Auta ce ta amsa: "Ita ce. Tun da gwiwar Baba ta fara ciwo, kullum da safe, ƙofa a rufe don kada ƙura ta sauko masa."

Ni ina hawa da yamma ne, in watsa hatsi, in yi fito. Ina tarar da wurin tas. Ban taɓa tambaya ba.

A mota na ce me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce, "In na faɗa cewa za ka yi da tsuntsayenka nake."

Na ji tsoro. A nan kaɗai zan rubuta shi.

Juma'a, 21 ga Maris

Jini da hoton ƙirji sun bi bayan na'urar, nata da nawa. An ba ta magunguna. Likita ya ce nawa da sauƙi, nata ya daɗe, kuma magani ba zai yi aiki ba muddin tsuntsayen na saman kanta.

Har yanzu ina ganin likitan nan ya cika son nuna na'urarsa.

Asabar, 29 ga Maris

Mai walda ya zo da kwanduna. Na sa shi ya ɗaura takunkumi, na ce kada ya kuskura ya bar matarsa ta yi shara. Bai iya riƙe tsuntsu ba, kamar mai riƙe guduma. Na yi masa faɗa, na sauko na bar su.

Ba don maganar kowa na yi ba. Gwiwata ce ta gaji da benen.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Mun wanke saman da ruwa, ni da Auta. Da la'asar na hau ɗauko bokiti, sai ga Ɗan Toka a kan katanga. Ya dawo, dama na sani. Ya karkata kai yana jiran fito. Akwai sauran hatsi a aljihuna.

Tsintsiya na ɗaga masa. Ya tashi, ya zagayo, ya sake sauka, na sake kora. Sai da ya gaji ya nufi ƙarshen layi.

Na sauko na tarar da ita tana gyangyaɗi a kujera. Na kara kunnena a bayanta, ɓangaren dama. Ta farka ta ce, "Malam, lafiya?"

Na ce ta yi shiru ta ja numfashi, ban yarda da na'urar nan ba, gara in ji da kaina.