Inna, Za Mu Kai Yara Damina

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda kika koya mini, a durƙushe ba a tsaye ba, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. Mu nan Arlit lafiya lau muke, sai zafi, shi kuma kin san shi, ba sai na ba ki labarinsa ba.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Addu'a ce ke zuwa, ita kuwa ba na fashinta. Amma akwai labarin da ya cika mini baki, kuma ke kaɗai ce za ki ji daɗinsa yadda ya kamata. Shi ya sa na rubuta shi a wannan shafi da mata ke karantawa. Su karanta, don wasunsu ma da su nake.

Lakwal, makarantar bokon yara, ya kusa rufewa. Surukinki ya samu dogon hutu daga kamfani, irin wanda ya daɗe bai samu ba, sai ya ce bana ba za mu zauna muna gasuwa a ɗaki muna jiran a kawo wuta ba. Za a fita da yara ƙasar waje, mu da ƙanwata Rabi da nata yaran, a yi babban hutun a can. Ya tara mu ranar Lahadi bayan la'asar a ƙarƙashin rumfar nan da kike shan iska, ya ce kowa ya faɗi inda yake so, daga babba zuwa ƙarami.

Shi ya fara, ya ce Tamanrasat ta Aljeriya. Kusa take, akwai duwatsu, da dare akwai sanyi, ga wani abokinsa direba da zai ba mu gida. Na ce masa, cikin ladabi, mutum ya bar hamada ya tafi wata hamada da sunan hutu, wannan sai dai a kira shi sauyin rairayi. Ya yi dariya, bai ji haushi ba.

Rabi ta ce Lome. Kin san Rabi. Wata maƙwabciyarta ta je bara ta dawo da hotuna, tana tsaye bakin teku da gilashi a fuska da gyale yana tashi, tun daga ranar Rabi ba ta sake samun natsuwa ba. Na tambaye ta me yara za su koyo a bakin teku, ta ce ai ba koyo za a je yi ba, hutu ne. Kin ji fa, Inna. Wai akwai watannin da ake ajiye tarbiyya a rufe ta da ƙyalle sai an dawo.

Babban jikanki, wanda kike ce wa angonki, shi ko ina ne bai damu ba, muddin akwai rezo, wato sabis, a waya, kuma a buga masa tambari a fasfo ya nuna wa abokansa in an koma lakwal. Ya yi tsawo yanzu, ya wuce ubansa, muryarsa ta buɗe. Gaisuwa ce har yau sai na harare shi yake kai gwiwa ƙasa.

Ni na jinkirta nawa sai da suka gama, sannan na faɗi abin da na daɗe ina faɗi: a je ƙauyenku da ke bayan Zariya, wajen Kawu Sale. Shi kaɗai ya rage a ɗakinku. Idonsa ya yi rauni, ƙafa ma ta fara gardama. Duk Juma'a sai ya sa an kira masa ni, kuma maganarsa ɗaya ce, yaushe zai shafa kawunan jikokin ƴar'uwarsa. Tun da Baba ya auro ki ya kawo ki Damagaram, har kika biyo ni nan Arlit da tsufanki, yaran nan ba wanda ya taɓa taka garin da aka binne cibiyarki. Ina tsoron ranar da za a kira ni ba ranar Juma'a ba.

Kafin in rufe baki aka kwashe da dariya. Angonki ya ce Najeriya ai ba ƙasar waje ba ce, ƙasar da za ka sauka a ce maka ina kwana da Hausa, a kawo maka tuwo da miyar kuka. Rabi ta ce ƙauye fa, ba kilim mai sanyaya ɗaki, ba firigo na ruwan sanyi, sai laka da sauro. Surukinki ya ce Kawu yana ransa, amma a bari sai wani lokaci, mu biyu mu je mu gaishe shi mu dawo. Na san irin wannan wani lokacin. Na haƙura, don na ga an rinjaye ni, kuma kin hana ni ja-in-ja da miji a gaban yara.

Saura mutum ɗaya, autata, takwararki, wadda muke kira Ummi. Tana zaune a kan kujerarki ƴar tsugunno tana jiran a zo kanta, don ta ji ubanta ya ce har ƙarami. An ma fara naɗe tabarma sai ta ɗaga hannu kamar a aji. Uban ya ce to Hajiya, ke ina za a kai ki? Ta ce, "Ni Damina nake so mu je."

Rabi ta ce ina? Ummi ta sake faɗi a hankali, kamar mai yi wa kurame bayani, ta ce Damina, ƙasar su Inna. Ta ce ke kika gaya mata can ciyawa tana kai wa gwiwa, kwaɗi suna kwana suna waƙa, ana gasa masara ɗanya a bakin hanya, yara suna wanka a tsakar gida da ruwan sama ba a dukan su. Ta ce ta ma tambayi mushensu, malamin ajinsu, ya nuna mata a taswirar da ke bangon aji, ya yi dariya bai nuna mata ba, ita a ganinta bai sani ba ne.

Sai na tuna. Duk ranar da hadari ya haɗu ta gabas, kikan sa a fitar da robobi da bokitai a jera a tsakar gida, ki ɗauki kujerarki ki zauna bakin ƙofa da Ummi a cinya. Yawanci iska ce kawai ke zuwa ta zubar mana da shanya ta wuce. In an yi sa'a a samu yayyafi, ko a yi ruwa mai ƙarfi na ɗan lokaci ya cika kwari, washegari kamar ba a yi ba. Sai ki ce, "Wannan ba ruwa ba ne, gaisuwa ya aiko." Sannan ki dubi yarinyar ki ce, "Ku ƴan Arlit ba ku san damina ba. In Allah Ya ba ni rai, zan kai ku ku ga damina."

To ina laifin yarinya? An haife ta a garin da ruwa ke fitowa daga famfo, kayan miya su zo a mota daga kudu ko daga lambunan duwatsu. An ce za a kai ta ta ga abu, an lissafa mata abin da ke cikinsa. Ai gari ne.

Manyan yaran suka faɗi ƙasa suna dariya. Angonki har ya ciro waya wai bari ya duba kuɗin jirgi zuwa Damina. Nan ne na miƙe. Kin san ba na ɗaga murya, ban kuma ɗaga ba. Na ce ita dai ta san abin da ke cikin damina, sunan wurin ne kawai ta ɓata. Ku da kuka san kalmar har kuna rubuta ta a jarrabawa, ku gaya mini: gyaɗa a ina take yin ƴaƴa? Babban ɗan Rabi ya ce a bisa itace, kamar dabino. Na ce gero fa, kafin ya shiga buhu yaya kamanninsa? Angonki ya fara latsa waya, na ce ya ajiye ta ko in ajiye masa ita a randa.

Abin dariya ne, Inna, amma ni a raina ba dariya nake ba. Mun zo garin nan neman abinci, Allah kuma Ya ba mu, ba na butulci. Sai dai mun haifi yaran da ke cin tuwo kullum ba su san wanda ya sunkuya ya noma shi ba. Yaron da bai taɓa ganin wahalar da ke cikin loma ba, shi ne ke ture kwano ya ce ba ya so. Iyaye mata na yanzu suna ganin in sun kai yaro inda zai yi hoto sun gama yi masa gata. Ya dawo ya san sunan otal, bai san sunan ƙanen kakarsa ba. Wadda ta ji zafin maganar nan, ta yi haƙuri, amma ba zan janye ba.

Ban san surukinki yana saurare da zuciya ba sai da na ji ya yi gyaran murya. Ya ce shi ma rabonsa da ya tsaya a gona cikin ruwa tun yana saurayi a ƙauyensu na Damagaram. Ya fara ba su labarin ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, da yadda suke bin babansu a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige, da shinge, garar nan mai fiffike da ke fitowa bayan ruwa su kama su soya. Mutumin nan da ba ya haɗa jimla uku a gida in ba a kan injin da ya lalace a wurin aiki ba, sai ga shi yana kwaikwayon kukan kwaɗi, kumatu a kumbure. Yara suka kewaye shi. Da ya gama ya dubi Ummi ya ce, "Hajiya ta yanke hukunci. Damina za mu."

Rabi ba ta sauka da sauƙi ba. Ta kafa sharuɗɗa: kowane yaro da sangensa, don jinin ƴan hamada bai san sauro ba, kuma a je likita a karɓi shawara da magani kafin a tashi. A nan ta yi gaskiya, na kuma faɗa mata ta yi gaskiya, abin da ba kullum take ji daga bakina ba. Ta ƙara da cewa in an dawo ta Kano sai an bar ta ta shiga kasuwa ta zaɓi atamfa a natse. Na ce wannan tsakaninta da ƙafafunta. Angonki kuwa da ya ji akwai iyaka, akwai masu duba takardu, kuɗin ma wani iri ne, sai ya yarda cewa Najeriya ta ɗan yi kama da ƙasar waje.

Ban jira Juma'a ba, a ranar na kira Kawu. Na gaya masa muna nan tafe da yara. Can sai na ji yana kiran mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, a share ɗakin da kika tashi a ciki, a gyara rufin inda yake yoyo. Ya ce ruwa ya sauka, an yi shuka, amma zai sa a bar wasu kunyoyi a bayan gida ba a taɓa ba, jikokinki su zo su shuka wake da hannunsu. Ya ce in gaya wa mai sunan yayarsa Damina tana nan, ba ta tashi ba, kuma shi ne mai unguwarta.

Na hana kowa gyara wa Ummi. Ƙarya dai ban yi mata ba, ba kuma zan yi ba. Da ta tambaye ni ko da nisa, na ce da nisa, sai mun wuce Agadas, mun wuce Damagaram, ƙasa ta fara canza launi. Da ta tambaye ni wane yare ake yi a can, na ce irin naki, Inna. Ranar da ruwa ya sauka a kanta ta gane da kanta, ya fi in gaya mata.

Tambaya ɗaya ce ta tsayar da ni. Ina ninke kaya ta zo ta tsaya a gefena ta ce ko za mu tarar da ke a can. Na zaunar da ita na ce a'a, Inna tana nan Arlit, a maƙabartar bayan gari inda babanki ke zuwa ziyara. Ta yi tunani, ta ce to ai ke ma, Inna, kin daɗe ba ki ga damina ba, za ta ɗebo miki ruwan can a zuba miki. Na ce mata wanda ya rasu addu'a yake buƙata, ba ruwa ba, kuma ta riƙe wannan da kyau. Ta ce to.

Jiya ina duba jakarta, ƙarƙashin kayan sawa, na tarar da ƴar robar ruwa wadda ba komai a ciki, an wanke ta tas, an ɗaure murfin da tsumma. Na daɗe riƙe da ita. Kin san ni da ƙa'ida, Inna. Na mayar da ita inda na same ta, na ja zif.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya shi fiye da sanyin ƙasar da ta sha ruwan farko. Alkawarin da kika yi wa yaran nan rai bai kai ba, Allah Ya ba mu ikon cika miki shi. Ya kai mu lafiya, Ya tsare mana hanya, Ya sa mu tarar da Kawu da ƙarfinsa. Ya shirya mana zuriya, su san inda suka fito. Ya haɗa mu da ke a gidan da koramu ke gudana, inda ba a fitar da bokiti a jira. Amin.

Ƴarki mai yi miki addu'a kullum,
Zainabu, uwar takwararki
Arlit