Ƙullutun da Kika Nuna wa Innarku

Aliero,
9 ga Afrilu, 1993.

Zuwa ga ɗiyata ta fari, a Sabo, Ibadan.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan wagga takarda za ta iske ki lafiya, ke da maigidanki Waliyyu da yara. Allah shi ƙara muku lafiya da zaman lafiya, amin. Mu nan mun yi Sallah kalau, albasa ta yi kyau bana, mun cika rumbu biyu. Takardar na ba Atiku direba ya taho miki da ita cikin motar albasa, in kin ji tana wari ba tawada ba ce. Rubutun kuma ki yi haƙuri da shi, kin san ubanki aji huɗu ya tsaya, shi ma malamai ne suka gaji da ganina suka tura ni can.

Innarku ta samu sauƙi. An yi mata aikin a babban asibitin Sakkwato, don an ba mu jihar Kebbi amma ciwo har yanzu Sakkwato muke kai shi. Duk mako uku muna komawa a ƙara mata ruwan magani. Gashinta ya zube, na ce mata yanzu mun zama tagwaye, ta jefe ni da mahuci. Da na ga ta iya saiti, na san ƙarfi ya fara dawowa.

Likitan ya zaunar da ni ya yi min karatu, ni ko na riƙa kaɗa kai kamar mai ganewa. Ya ce ciwon daji ba iri ɗaya ba ne. Akwai na jini, akwai na hanta, da na ƙashi, da na mahaifa, da irin na Innarku, kowanne da inda yake farawa da yadda ake yaƙarsa. Kuma yana da mataki huɗu. A na ɗaya ɗan ƙullutu ne zaune wuri guda. A na biyu ya girma ko ya leƙa hammata, nan aka tari na Innarku. A na uku ya mamaye kewayensa, a na huɗu ya yi tafiya har huhu ko ƙashi. Na ce likita, ai wanga rumbun albasa kake faɗa min: ƙwara ɗaya ta fara ruɓa, in ka tsame ta da wuri ka tsira da rumbu, in ka jira sai wari ya kai ƙofar gida, to. Ya yi dariya ya ce na ci jarrabawa. Ita ce ta farko da na taɓa ci.

Kin tuna yayar Innarku, marigayiya Gudiya ta Maiyama. Ashe nata ma shi ne. Shekara biyu tana ɓoye shi cikin zane, ana shafe-shafe da turare, don kowa ya ce daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya fusata. Ni ma ina cikin masu faɗin haka, da babbar murya, har kasuwar Jega na hau keke na nemo mata saiwa. Na tambayi likita batun ƙarfen. Ya ce allura ba ta fusata shi, jinkiri ne abincinsa. Da muka fito ban iya cin tuwo ba ran nan, kin ko san ubanki da tuwo.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Likitan ya tambaya ko Innarku tana da ɗiya mace, don irin wanga wani lokaci yana bin dangi. A mota muna dawowa, sai da muka wuce Tambuwal sannan ta faɗa min cewa zuwanki na bara kin nuna mata wani ɗan ƙullutu, ita kuma ta ce ki bar shi, kada ki bari a taɓa. Ta ce, "Malam, ni na hana ta, kai ka rubuta mata." Na ce ina ni ina wagga magana da ɗiyar fari? Shekara ashirin da takwas ban taɓa kiran sunanki ba, in kin shigo zaure sai in shiga neman takalmana alhali suna ƙafata. Ta ce to in zauna da kunyata, ta ga ko kunya tana yin aiki a asibiti.

Kwana uku ina fara takarda ina yagewa. Ga shi dai na rubuta: ƙullutun da ke nononki, ki kai shi asibiti cikin makon nan. Likita ya ce mafi yawan irinsu ba daji ba ne, ƙila su duba su ce ki tafi gida. In ma shi ne, a kama shi yana aji ɗaya. Wagga makaranta ce da ba a son ɗalibi ya yi gaba. In nauyin Waliyyu kike ji, miƙa masa takardar, tunda surukinsa ya riga ya zubar da girma, shi nasa mai sauƙi ne. Atiku zai juyo bayan kwana goma, ki ba shi amsa, ko layi ɗaya ne, cewa kin je. Zan tsaya masa bakin tasha.

Innarku na gaishe ki, ta ce ki yafe mata. Goggo Hamdiyya da Baffanki Tamu suna gaisuwa. Ki gaida Waliyyu, ki shafa min kan Imrana, ki faɗa wa amaryata Mufida angonta na nan, haƙora uku suka rage amma yana jira.

Ki je, Iklima. Kin ga na faɗa, kuma rufin zaure bai faɗo min ba.

Ni ne mahaifinki,
Ummaru Mai Albasa.