Na Ƙara wa Mamata Tsawo a Cikin Sikeli

Anti mai ba da shawara, ina gaishe ki tare da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a zage ni. Ni ɗalibar sakandare ce a Jalingo, ba ni da yawan magana, ko a gida sai a manta ina nan.

Mamata tana da ƙiba da hawan jini. A asibiti an ɗora ta a kan magani, aka hana ta gishiri da soye-soye, ita da take soya doya da kifi a ƙofar gidanmu a unguwar Turaki. Bara ƙaninta, Kawu, ya dawo daga karatu a Turai da wani sikeli mai batir. Ba nauyi kawai yake faɗa ba, har yawan kitsen jiki. Sai an danna masa shekarun mutum da tsawonsa, sannan a taka ƙarfen da ke samansa ba takalmi. Rubutun Turanci ne, ƙanana, don haka ni aka ba wa aikin dannawa.

Kowace Asabar Mama takan hau, ta riƙe numfashi kamar hakan zai taimaka. Na lura har 'yan kunne take cirewa. Nauyin bai dame ta ba, cewa take ƙashinta ne mai nauyi, lambar kitsen kawai take tambaya. In na faɗa sai ta ce, "To, mun gode Allah," ta juya tana gyara ɗankwalin da bai karkace ba. Wace 'ya ce za ta so ganin wannan?

Wata rana yatsana ya zarce, na sa mata tsawon da ya wuce nata kaɗan. Sai lambar ta sauka. Na buɗe baki zan gyara, amma Mama ta riga ta fara rawa a tsakar gida. "Baban yara, fito ka gani! Kai da ka ce sai dai a auna ni a sikelin buhun masara!" Baba ya ce, "To, madam, na janye." Na bar abin a haka. Asabar ta gaba da gangan na ƙara. Haka nake ta yi, kaɗan-kaɗan. Anti, ina jin kunyar rubuta wannan: a cikin sikelin nan yanzu Mamata ta fi Baba tsawo, ita da take taka turmi kafin ta kai igiyar shanya.

Mama ta ɗauka ruwan ganye mai ɗaci da wata maƙwabciyarmu ke dafa mata ne ya yi aiki. Ta koma ɗanɗana duk abin da ta soya. Da ta je asibiti, nas ta ce nauyinta ya ƙaru, jinin ma ya hau. Ta dawo tana faɗa: "Sikelinsu tun na Turawan mulki ne, mai tsatsa. Nawa har kitse yake gani!" Tun ranar ba ta koma ba. Ƙwayoyin suna nan a kan taga, kwalbar ba ta raguwa, kullum ina dubawa. Shekaranjiya na ga ta dafa bango tana lumshe ido. Na ce, "Mama, lafiya?" Ta ce hayaƙi ne. Ai ko wuta ba a hura ba.

Na yi niyyar in riƙa rage tsawon a ɓoye, amma in lambar ta fara hawa, ruwan ganyen za ta ƙara sha, ba maganin ba. In kuma na faɗa mata, da wane ido za ta kalle ni? Ni ce take nunawa tana cewa, "Wannan 'yar tawa ba ta iya ƙarya ba."

Yanzu ta ce Lahadi mai zuwa za ta ba da shaida a coci gaban Zumuntar Mata cewa Allah ya warkar da ita, kuma ni zan tsaya kusa da ita riƙe da sikelin. Har ta sa an ɗinka mini riga daga ragowar zanenta, tana rataye a bayan ƙofa.

Anti, ina so ta koma shan maganinta, kuma ina tsoron ranar da za ta san abin da na yi. Me zan yi?