Na Je Ta'aziyya, Na Dawo Babu Aboki

Mama Damaris, ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni mutumin Michika ne, aikin walda ya ajiye ni a Makera. Matata da yara suna gida, sai Kirsimeti nake ganinsu, wata shekarar ma ba na samu. A duk garin nan mutum ɗaya nake da shi, Mamman, bakaniken da shagonsa ke jikin nawa. Musulmi ne. Da taifot ya kwantar da ni, shi ya riƙa kawo mini kunu daga gidansa. 'Yan maza zumunta na cocinmu kuwa saƙo suka turo ta waya, wai suna addu'a. Ban raina addu'a ba, amma ba ta riƙe mutum zuwa bayi.

To, mahaifiyarsa ta rasu, na je zaman makoki Unguwar Mu'azu. Na ga yadda ya zube, bakina ya riga hankalina. A gaban danginsa da limaminsu na ce ya yi haƙuri, dukanmu 'ya'yan Allah ne, Uba ba ya yasar da nasa. Haka muke ta'azantar da juna a gida. Na san ba sa faɗin haka, na manta inda nake ne. Wani dattijo ya kama istigfari, Mamman ya sunkuyar da kai.

Tun ranar sai gaisuwa. Ko bencin da muke cin abinci a kai ya mayar ciki. Ban ga laifinsa ba, ni na shigo cikin danginsa a matsayin aboki na kunyata shi. Shugaban bishararmu kuma ya ce shaida na bayar, in na nemi gafara na ji kunyar Yesu. Mamman yana da 'yan'uwa cike da gari, ni fa? Ba zan musunta abin da na gaskata ba, ba na kuma iya cin abinci ni kaɗai. Na gaji.

Baƙo a Makera

Ɗana,

Bangaskiyarka ba ta da laifi. Zama 'ya'yan Allah alheri ne da muka samu cikin Almasihu, kada ka janye shi. Amma ka lura, ba bishara ka je yi ba, ta'aziyya ka je, ka kuwa miƙa masa ta da kalmar da a kunnensa saɓo ce, a ranar da ba shi da ƙarfin cewa komai. Shugabanku ya yi gaskiya, ba a jin kunyar Yesu. Ya manta an ce mu ba da shaida da tawali'u da ladabi, kuma neman gafarar wanda ka ɓata wa rai yana cikin shaidar.

Kada ka jira Mamman. Ka same shi shi kaɗai, ba a bakin shago ba. Ka ce ka yi magana inda bai dace ba, ka sa shi jin kunya, ya yafe. Ka tsaya nan. In ya tambayi abin da muke nufi da 'ya'yan Allah, ka gaya masa ba haihuwa irin ta jiki ba ce. In bai tambaya ba, ka riƙe bakinka.

Wataƙila ya sauko nan da nan, wataƙila ya daɗe. Mai makoki ba a yi masa gaggawa. Ka kuma faɗa wa 'yan zumuntarku a fili cewa kaɗaici yana cinka.

Ubangiji ya ta'azantar da Mamman, ya ba ka bakin magana, ya kai ka gida lafiya.

Mama Damaris