Ramin da aka haƙa bayan rumbu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, tsoro ya hana ni sukuni.

Ni matar aure ce a Dakoro. Ƙanena ya rasu da damina, ya bar mini 'yarsa mai shekara bakwai, uwarta ta riga shi. Shi Kirista ne tun yana lakwal, wato makarantar boko, a Maradi, ni Musulma, amma ba mu taɓa yanke zumunci ba.

Da yake kwance a likita na tambaye shi abin da na daɗe ina riƙewa, me ya sa ya yarda da littafinsu na Kirista alhali mun taso muna jin an canza shi. Bai yi fushi ba. Ya ce a ciki an rubuta yadda babban almajirin Annabi Isa ya tsorata ranar da aka zo kama Annabin, ya ce bai san shi ba, sauran suka gudu, mata ne suka tsaya. Ya ce, "Yaya, mai son gyara littafi ai abin kunyarsa zai fara gogewa. Su sun bar nasu." Ya roƙe ni in ajiye wa yarinyar littafin, na ce to.

Tun da ta zo gidana ba ta cin tuwo sai na karanta mata kaɗan, haka ubanta ya saba mata. Ina karantawa ina istigfari. Maigidana mutumin kirki ne, shi ya ce a ɗauko ta, amma da ya ji mu ya ce yarinya tasa ce, littafin kuwa kada ya tarar da shi idan ya dawo daga sayen dabbobi a Tagriss. Surukata ta ce akwai sunan Allah a ciki, ba a jefarwa, a bizne shi kamar yadda muke yi da tsofaffin takardun karatu. Ita a ganinta girmamawa ce. Ta sa an haƙa rami bayan rumbu, ta kawo farin ƙyalle.

Yarinyar ta ga ramin da ƙyallen. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "Gwaggo, Baba za a sake biznewa?" Daga nan ta daina magana, tana kwana da littafin cikin rigarta.

Ina tsoron saɓa wa mijina, ina tsoron addinina, ina tsoron alkawarin mamaci. Na yi tunanin kai littafin majami'a ajiya har ta girma, amma ban san yadda zan zare shi daga jikinta ba. Maigida ya kira, ya ce yana hanya.

Ramin yana nan a buɗe. Me zan ce masa, me zan ce mata?