Tarin Direba

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Kada ka yi dariyar rubutuna, rabona da biro har na manta. Likita ya cire abin da zai cire a maƙogwarona, ya haɗa da muryar gaba ɗaya. Ni da na shekara goma sha ɗaya ina zuba a gaban makirufo, yau ko ruwa nake so sai na buga cokali a ƙarfen gado.

Na ji fassararmu ta fim ɗin Baƙo na tara ta fito. Ka san ni, Baƙo bai taɓa burge ni ba, ɗan leƙen asirin da za a jefo daga bene kwat ɗinsa ko yamutsewa ba ya yi. Nawa shi ne Direba, tsohon nan da ke jiransa a mota. Fim takwas ni nake ara masa murya. Kai ne mai haɗa sauti, ka san wanda Darakta ya ɗora a kujerata. Ba sunansa nake nema ba. Abu ɗaya ke cin raina: 'yan kallo sun gane ba ni ba ne? Ka kwafo mini abin da suke rubutawa a shafinmu, kada ka tace.

Ka gaida yara.
Yayanka.

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da girmamawa, tare da fatan Allah ya ƙara sauƙi. Kowa a situdiyo yana gaishe ka.

Shafi ya cika da gardama kamar kullum. Wata mai ɗinki ta ce an cuci Uwar Makulli, tsohuwar da ke ɓoye Baƙo a gidanta, minti biyu kacal aka ba ta. Wani ya ce gara haka, ta fiye faɗa. Mutum kusan arba'in suna ta kai ruwa rana a kan Mai Jabun Fasfo: wasu sun ce maci amana ne tun fim na uku, wasu sun rantse shi kaɗai ne mai hankali a hukumar leƙen asirin. Har wani ya ce a kashe Baƙo kowa ya huta, a bar wa waɗannan fim ɗin.

Direba ma an yabe shi. Ka kwantar da hankalinka ka ji da jikinka, Yaya.

Ƙanenka mai biyayya,
Auta.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Na tambaye ka Direba, ka aiko mini da Uwar Makulli. Tun kana yaro in ka fasa abu haka kake yi, ka yi ta ba ni labarin maƙwabta.

To, na ji da kunnena. Na gadon kusa da ni mai gyaran famfo ne, jiya da la'asar matarsa ta kawo masa fim ɗin a waya. Bai san ko ni wane ne ba. Da Direba ya bayyana sai ya zungure ni ya ce, "Malam, don tsohon nan nake kallo, in bai yi tarin nan nasa ba kamar ban kalli komai ba." Na ari wayar na karanta shafin da kaina, har ƙasa. Wani ya rubuta wai Direba bai taɓa daɗi kamar wannan karon ba. Wata ta ƙirga tarin, sau shida, ta sa alamar dariya. Ko mutum ɗaya bai ce ina mai muryar farko ya tafi ba. Wallahi na yi kuka, kukan ma babu sauti.

Muryar ba tawa ba ce, ko da yake mai ita ya ƙware. Amma tarin nawa ne. Mutum ya san tarinsa. Yaya aka yi ina kwance a nan da rami a wuya, ina kuma tari a bakin wani?

Ka ba ni amsa.
Yayanka.

*

Yaya,

Ina gaishe ka, in har za ka amsa. Sau uku ina yaga wannan takarda.

Ni ne. Darakta ya gwada mutum biyar ba wanda ya dace, sai ya ji ina kwaikwayonka a ɗakin haɗa sauti kamar yadda nake yi tun muna gida. Ya ce in shiga in karanta. Na shiga. Tarin ne ya gagare ni, nawa ya fito kamar na wasa. Sai na buɗe tsofaffin muryoyinka na yanko, na manna a inda ya kamata. Ina da guda talatin da ɗaya a ajiye, kowanne da lambarsa.

Ba wannan ne babban laifin ba. Ka tuna fim na shida, lokacin da tari ya sarƙe ka ana tsakiyar ɗauka? Aikina ne in goge shi, na manta ban goge ba. Da fim ya fita 'yan kallo suka haukace a kai, suka ce shi ne tambarin Direba. Darakta ya ce daga yau kada a sake goge ko ɗaya. Kai ma ka yi dariya ka ce tari ya yi maka suna.

Amma ni ne mai na'ura a kunne, Yaya. Ina jin abin da ba wanda ke ji. A fim na bakwai na ji wani kaushi a ƙarƙashinsa, a na takwas har wata 'yar ƙara yake yi in ka ja numfashi. Na san ba na lafiya ba ne. Shekara biyu ina gyara shi, ina ƙara masa ƙarfi don ya fito sosai, ban taɓa cewa tashi mu je asibiti ba. Ina gudun a yi maka magani ya tafi, mutane su ce mun ɓata Direba. Ranar da likita ya ce da an zo da wuri da an ceci muryar, ina tsaye a bayanka.

An fara aikin fim na goma. In ka ce in bari, gobe zan ajiye. Ina so in zo ranar ziyara, ban san da wane ido zan dube ka ba.

Ka yafe mini.
Auta.

*

Auta,

Na amsa gaisuwarka.

Kada ka ajiye, kana da yara. Amma kana sauri da yawa, Direba ba ya haɗiye ƙarshen magana. Ka gyara.

Muryar na bar maka. Tarin kuwa ka goge shi, duka talatin da ɗayan, kada ko ɗaya ya shiga na goma. Za su yi ihu a shafi, za su ce ina Direbansu na da. Ka kwafo mini wannan, kalma da kalma.

Ranar ziyara kada ka zo tukuna.

Yayanka.